Kaji Nake Figa A Agege: Abin Da Na Gani Game Da Murar Tsuntsaye

Assalamu alaikum. Ni mutumin ƙasar Haɗejiya ne, amma samartakata da girmana duk a Legas na yi su, kuma a cikin kaji. Na zo Agege a shekarar 2004 wajen kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ke da rumfar kaji. Allah Ya yi masa rasuwa, yanzu rumfar tana hannuna, da yara masu aiki a ƙarƙashina. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, wato ta murar tsuntsaye. In na ɗauko ta a cikin abokan sana'a sai wasu su ce na cika tsoro, wasu su ce zan kashe mana kasuwa. Shi ya sa na ga gara in ba da labarin tun daga tushe, kowa ya auna da hankalinsa.

Mai saye gaban rumfa kawai ya sani. Ya nuna kazar da yake so, a miƙa masa ya ji nauyinta, a yi ciniki, ya koma gefe yana jira. Aikin yana baya. A yanka, a jefa ta a ganga ta gama shure-shure, a tsoma ta a ruwan zafi, a fige, a feɗe, a fitar da kayan ciki. Ruwan da aka tsoma kazar farko da safe shi ake ta yi wa ƙari har la'asar. Hannunmu ba ya rabuwa da rauni, in ba wuƙa ba to farcen zakara. Ƙurar gashi da busasshen kashi tana tashi ta shiga hanci da ido. A nan muke cin abinci, kuma a wancan lokacin a nan muke kwana, kan benci kusa da kejin, saboda ɓarayi.

Su kuma tsuntsayen daga ko'ina suke. Motocin Arewa su sauke kajin Hausa, zabbi, agwagi, tantabaru da talo-talo. Daga gonakin Ogun da Oyo a kawo kajin gidan gona, da tsofaffin masu ƙwai da suka gama aiki. Duk a wuri ɗaya, keji a kan keji, kashin na sama yana zuba kan na ƙasa. Kazar da ta yi kwantai yau ita za ta kwana da wadda za a sauke gobe. Tun da na zo ban taɓa ganin ranar da aka wayi gari kasuwar babu tsuntsu ba.

A watan Fabrairun 2006 muka ji a rediyo cewa an tabbatar da murar tsuntsaye, nau'in H5N1, a wata babbar gona da ke Jaji a jihar Kaduna. An ɗauki samfurin kajin an kai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, an kuma aika Italiya aka tabbatar. Najeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da aka ba da rahoton cutar. Kafin ka ce me, an ji ta a Kano, an ji ta a Filato, ta iso Kudu. Mutanen Legas suka ƙaurace wa kaza da ƙwai. Iyayen Yarabawa da suka saba zuwa duk Asabar suka daina leƙowa. Masu abinci suka koma kifi da naman shanu. Sai ka yini ba ka hura wutar ganga ba.

A rumfuna kuwa maganganu iri-iri. Wasu suka ce makirci ne na masu shigo da daskararrun kaji. Wasu suka ce ai fakat ce da muka sani tun muna yara, wadda ke share kajin gari in hunturu ya shigo, an dai sa mata sabon suna don a ci kuɗi. Ana cikin wannan musu cutar ta shiga kejin Kawu. Ba irin wadda muka sani ba ce. Kaza tana cin dusa da yamma lafiya lau, da asuba ka tarar da ita a miƙe. Waɗanda ba su mutu ba kansu ya kumbura, zankonsu ya koma baƙi-baƙi, ƙafafu sun yi jajaye kamar jini ya kwanta, ga majina a hanci.

Wani maƙwabcin rumfarmu, dattijo ne kuma ba mugun mutum ba, ya zo ya tsaya a kan Kawu ya ce: "Alhaji, tunda da sauran ransu, ka sa yara su yanka. Yankakke ai halal ne. A fige a kai wa masu suya, ka rage asara." Kawu ya yi shiru, can ya ce: "Malam, halaccin yanka daban, halaccin ciniki daban. Za ka iya gaya wa mai saye abin da ya same su? In ba za ka iya ba, to ha'inci ne, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya tare da mu." Ya juyo ya ce da ni: "Ɗana, nemo buhuna da shebur." Muka haƙa rami mai zurfi muka binne su, da matattun da masu sauran rai bayan an yanka. Jarin da ya tara shekara da shekaru ne ya shiga ramin nan. Bai sake komawa yadda yake ba sai bayan wahala mai tsawo, da bashi da taimakon 'yan'uwa.

Ba kowa ne ya yi haka ba, kuma ina so a fahimci dalili kafin a zagi mutane. Diyyar da gwamnati ta sanar da farko naira 250 ce kan kowace kazar da jami'anta suka kashe. Kaza mai ƙwai ta fi haka nesa ba kusa ba, kuma wadda ta riga ta mutu da kanta ba ta cikin lissafi. Daga baya an ƙara kuɗin, amma kafin nan mutane sun koyi darasin da bai kamata su koya ba: in kajinka suka fara mutuwa, ka yi shiru, ka kira dillali da dare ya kwashe sauran a kan araha. Ina dillalin zai kai su? Kasuwa. Hannun wa za su faɗa? Hannun yaron da ke figa a bayan rumfa.

Cikin hunturun da ya biyo baya, wani abokina da muke ɗaki ɗaya, mutumin ƙasar Gumel, ya kwanta. Shi ma figa yake a wata rumfa da kaji suka yi ta mutuwa. Zazzaɓi mai zafi, ciwon gaɓoɓi, tari, sannan numfashi ya fara yi masa wuya. Muka kai shi kemis aka ba shi maganin maleriya. Bai sauka ba, muka kai shi wani ƙaramin asibiti aka ce taifod, aka yi masa allurai aka ƙara masa ruwa. Da abin ya ci tura, 'yan garinsu suka haɗa kuɗi suka sa shi a mota, kamar yadda muka saba, wai ya je gida a kula da shi. Bai daɗe da isa ba aka aiko mana da rasuwarsa. Allah Ya jiƙansa, yaro ne mai kunya, mai yawan karatun Alƙur'ani in dare ya yi.

Ba zan ɗora wa murar tsuntsaye mutuwarsa ba, domin ba a gwada shi ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne duk inda muka kai shi babu wanda ya tambayi sana'arsa. Ya kuma yi doguwar tafiya daga Legas zuwa Jigawa yana tari a cikin mota cike da mutane.

Bayan haka ba da jimawa ba, a ƙarshen Janairun 2007, gwamnati ta sanar cewa wata budurwa 'yar shekara 22 ta rasu a nan Legas da H5N1. Ranar 16 ga Janairu ta rasu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da sakamakon a farkon Fabrairu. Mahaifiyarta ta riga ta rasuwa a farkon watan da alamu irin nata, amma ba a samu an gwada ta ba. Rahotanni sun ce yarinyar ta yi aikin gyaran kaza kafin ta kwanta. Ranar da na ji wannan labari na daɗe ina kallon hannuwana. Ita aikin girkin gida ta yi. Mu kuwa daga safe zuwa dare a cikinsu muke.

Ƙura ta lafa, kasuwa ta dawo, aka manta. Sai 2009 aka shiga maganar murar aladu, wadda ta ɓulla a Meziko ta bazu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Yuni. Mu a rumfa muka ce wannan kam ba ruwanmu, mu da ba ma cin alade ba ma taɓa shi. A lokacin akwai wani likitan dabbobi, Bayerabe ne da ya yi karatu a Zariya yana jin Hausa rangaɗaɗau, yakan zo duba kasuwa. Wani yaro ya faɗa masa wannan magana cikin wasa. Bai yi dariya ba. Ya nemi benci ya zauna, ya yi mana bayanin da har yau shi ne ginshiƙin abin da na sani.

Ya ce ƙwayar cutar mura tana ɗauke da gadonta a gutsattsari guda 8. Akwai murar da ta saba da jikin mutum, tana yawo tsakaninmu cikin sauƙi amma ba ta cika kisa ba, domin jikinmu ya san ta. Akwai ta tsuntsaye, wadda asalin gidanta agwagin daji ne da sauran tsuntsayen ruwa masu ƙaura, irin waɗanda na taso ina gani suna sauka a fadamun Haɗejiya da Nguru in sanyi ya kama a Turai. Ita wannan da ƙyar take kama mutum, kuma ba ta iya tsallakawa daga mutum zuwa mutum cikin sauƙi ba, amma in ta kama tana da kisa. Alade kuwa maƙogwaronsa yana karɓar duka biyun. In suka haɗu a jikin alade ɗaya a lokaci ɗaya, suna iya musayar gutsattsarin nan. Ya ce: "Kun san injin markaɗe. In wata ta markaɗa attaruhu, ke kika zuba wakenki a baya, abin da zai fito ba wake zalla ba ne." Abin tsoron shi ne a samu wadda ta ɗauko saurin yaɗuwa daga ta mutane, ta ɗauko zafi daga ta tsuntsaye, kuma babu jikin da ya taɓa saninta. Ta 2009 ma, in ji shi, haɗin gambiza ce ta alade da tsuntsu da mutum, kuma da ta fito ba ta hanyar cin nama ta bi duniya ba, ta tari da atishawa ta bi. Wanda bai taɓa ganin alade ba ma ta kama shi.

Daga nan ya yi tambayar da ta sa kowa ya yi tsit: "Matattun kajinku da kayan ciki, wa ke saye?" Mun san amsa. Masu kiwon tarwaɗa da masu kiwon aladu suna zuwa daga wurare daban-daban da bokitai da buhuna. Mu muna ganin shara ce ta zama kuɗi. Kuma aladu ba su da nisa da mu. Oke-Aro da ke bakin iyakar Legas da Ogun, kusa da Agege, tana cikin manyan wuraren kiwon aladu a Afirka ta Yamma. Maƙwabtanmu ne, neman abincinsu suke kamar yadda muke neman namu, kuma su ma sun ɗanɗana tasu asarar a 2020 da zazzaɓin aladu ya yi musu ɓarna, ko da yake shi wannan ciwo ne daban, ba ya kama mutum. Abin da nake nufi shi ne akwai hanya tsakanin kejina da garken wanda ban taɓa gaisawa da shi ba, kuma bokitin kayan ciki ne hanyar.

Likitan ya ƙara da wata magana da ta fi tsaya mini. Ya ce ba dole sai alade ba. Mutumin da ke fama da mura ta yau da kullum, in ya kwashi ta tsuntsaye a kan wannan, haɗuwar tana iya faruwa a ƙirjinsa. To wa ya fi mai figa kusa da wannan? Da hunturu duk muna majina muna atishawa, kuma da ita muke sunkuyawa a kan ganga.

Tun daga ranar na zama mai bin labarin wannan abu, a rediyo da farko, yanzu a waya. Na koyi cewa H5N1 ta fara kashe mutane a Hong Kong a 1997, mutum 18 suka kamu 6 suka mutu, hukuma ta sa aka kashe duk kajin garin, sama da miliyan ɗaya. Daga 2003 zuwa yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga sama da mutum 900 da suka kamu, kusan rabinsu sun mutu, Masar da Indonesiya ne kan gaba. Wani zai ce ai 900 a faɗin duniya ba su da yawa. Gaskiya ne, kuma alhamdu lillahi. Amma ƙarancin nan yana tsaye ne a kan abu ɗaya, cewa har yanzu ba ta iya bi daga mutum zuwa mutum yadda mura ke bi ba. Annobar 1957 da ta 1968 duk sun samo asali ne daga cakuɗuwar murar mutane da ta tsuntsaye, kuma kowaccensu ta kashe mutum miliyan ɗaya ko fiye.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta 1918. Kakata takan ba mu labarin da ta ji daga tata uwar, na shekarar Marisuwa, lokacin da aka rasa masu haƙa kabari a wasu ƙauyuka, samari majiya ƙarfi su ne suka fi faɗuwa. Ina yaro na ɗauka labarin tsofaffi ne. Sai da na girma na san cewa mura ce, cewa ta kashe aƙalla mutum miliyan 50 a duniya, kuma ta jirgin ruwa ta sauka a Legas a watan Satumba na shekarar. Daga nan ta bi hanyoyin kasuwanci da layin dogo ta shiga ƙasa har Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta kusan mutum 500,000 ta kashe a Najeriya. Layin dogon nan ta Agege ya ratsa. A yau kuwa ba jirgin ƙasa kaɗai ba, dubi yawan motocin da ke tashi kullum daga Agege da Mile 12 zuwa Kano, Sakkwato, Katsina da Maiduguri. In wani abu ya tashi a bayan rumfar kaji a Legas, mu da kanmu za mu kai wa iyayenmu shi har ɗaki, da kyakkyawar niyya, a jikin marar lafiyar da muka sa a mota.

Murar tsuntsaye ta dawo a farkon 2015, aka sake jin ta a Kano da Legas, kuma tun daga nan takan ɓulla ta lafa. Korona ta zo a 2020 ta nuna mana yadda annoba take in ta samu hanya, muka ga Legas a kulle, muka ga yunwa a zango. Sannan a watan Maris na 2024 aka samu H5N1 a shanun madara a Amurka, abin da ba a taɓa gani ba, ta shiga madararsu, ta kama wasu ma'aikatan gona. Da na ji wannan sai na tuna 'yan'uwanmu mahauta na Oko-Oba da masu nono. Cutar da ta koyi zama a jikin saniya ta matso kusa da mu.

Da rumfa ta dawo hannuna na canza abin da ƙarfina zai iya. Agwagi ba sa zama keji ɗaya da kaji, domin agwagwa tana iya ɗaukar cutar tana yawo lafiya lau. Sabbin kaya ba sa gauraya da na kwantai. Mataccen tsuntsu ba ya fita daga rumfata zuwa hannun kowa, ko nawa za a ba ni, binne shi muke yi. Na saya wa yara takalman roba da safar hannu da takunkumi, na ajiye sabulu da ruwa, na hana kwana kusa da keji da cin abinci a wurin figa. Wanda ke mura mai ƙarfi ya zauna a gida, in ba shi kuɗin abincinsa. Safar hannu tana rage sauri, yaran ba sa son ta, kullum sai na yi faɗa. Kuma na gaya wa kowannensu: "Kai, in zazzaɓi ya kama ka da tari ko jan ido, musamman bayan kaji sun mutu, kafin likita ya buɗe baki ka ce masa kaji kake figa. Kada ka yarda a sa ka a mota sai an duba ka." Akwai maganin mura da likitoci ke bayarwa, Tamiflu, amma amfaninsa ya fi yawa in an fara da wuri.

Masu saye kuma kada su gudu daga kaza. Naman da ya dahu sosai har babu ja a cikinsa, da ƙwan da ya dahu, da madarar da aka tafasa, zafi ya kashe ƙwayar. Haɗarin yana wajen yanka da figa da feɗewa. Uwar gida da ta sayi kaza mai rai ta kai gida, ta lura da lafiyarta, ta hana yara wasa da ita, ta wanke hannu da wuƙa da katako da sabulu.

Abin da ya fi ƙarfin rumfa ɗaya shi ne diyya da ruwa. Muddin mai kaji ya san in ya kai rahoto talauci zai faɗa, ɓoyewa zai yi, ko wa'azi nawa aka yi masa. Ba kowa ne ke da zuciyar Kawu ba, kuma bai kamata lafiyar miliyoyin mutane ta rataya a kan samun irinsa ba. A biya diyya daidai da kuɗin kaza, a biya da wuri, a sa ɗan kasuwa mai keji biyar a ciki, ba manyan gonaki kaɗai ba. A ba kasuwannin kaji famfo da magudana da wurin yanka na siminti da za a iya wankewa.

A taron ƙungiyarmu na baya na kawo shawarar mu ware rana ɗaya a wata da za a sayar ko a yanka duk abin da ya rage, a bar kejin babu komai, a wanke da magani, a bar rana ta buge su. Hong Kong ta yi irin wannan hutun kasuwa, daga baya a 2008 ma ta hana kaji masu rai kwana a shagunan sayarwa. An yi ta muhawara. Wani ya ce: "Alhaji, ranar da ba a hura wuta ba, yaran nan me za su ci?" Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Na ce a riƙa cire wani abu kaɗan daga kuɗin ƙungiya a biya masu figa a matsayin ladan wanki. Wasu dattawa sun goyi baya, masu manyan rumfuna sun ce sai sun yi lissafi. An ɗage maganar zuwa bayan Kirsimeti, domin yanzu hankalin kowa yana kan motocin kajin Disamba. Ni da rumfuna biyu da ke jere da tawa mun yanke cewa za mu fara namu ko ƙungiya ba ta amince ba, kuma mun aika a nemo mana likitan dabbobi mai jin Hausa ya zo zaman na gaba ya yi wa yaran bayani da bakinsa.